Littafina ya tsaya a feji na 23, waɗanda suka biya suna zagina

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, shekarata 29. Shekara uku ke nan ina Makka, ina aiki a kicin ɗin wani kamfani da ke dafa wa alhazai da 'yan Umara abinci. A unguwar Misfala muke zaune, mu huɗu a ɗaki. 'Ya'yana biyu suna gida wajen mahaifiyata, ni ke aika kuɗin makarantarsu. Tun ina sakandare nake rubuta labari, a nan ma ban daina ba, a waya nake taifin idan na taso daga aiki. A farkon Sha'aban da ya wuce na buɗe zauren WhatsApp na littafin kuɗi, mutum kusan 300 suka biya naira 500 kowa. Na yi musu alƙawarin feji ɗaya kullum ban da Juma'a, kowane feji kalma wajen 2,000, littafin duka feji 60. Da farko na riƙe. Azumi na kamawa aiki ya sha kanmu, bayan salla na ɗan taɓa, sai ga aikin Hajji. Yanzu ga mu a Muharram, littafi ya tsaya a feji na 23. Wasu na roƙo, wasu na zagi, har an ce mini 'yar damfara. Ina kai wa ƙarfe ɗaya na dare ina ba da haƙuri, ga motar aiki tana zuwa bayan asuba. Abin kunya, a cikin wannan hali na fara wasu littattafai biyu, don wancan ya fita raina. Ina kuma son shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, ina son in ga littafina a takarda. Wata ƙawata a Kano feji biyu take saki kullum, ban san yadda take yi ba. Anti, aikin zan bari in koma gida in riƙi rubutu, ko rubutun zan bari? Ko akwai yadda ake tsarawa?

'Yar'uwarki daga Misfala

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki bar ko ɗaya. Macen da ta tsaya a bakin tukunya tun asuba, ta dawo ɗakin mutum huɗu ta rubuta feji 23 da babban yatsa, ba raguwa ba ce, kuma ba a yi mata rowar baiwa ba. Lissafi ne ya kayar da ke, don haka da lissafi za mu fara.

Feji 60, shida a mako, mako goma ke nan. Kin fara a farkon Sha'aban. Ƙirga da yatsa: mako huɗu Sha'aban ya ƙare, huɗun da ke biye azumi ne ɗungurungum, biyun ƙarshe su faɗa cikin Shawwal. Wato tun ranar da kika yi sanarwa, feji na 25 zuwa na 48 duk a cikin Ramadan za su faɗo, a Makka, a hannun ma'aikaciyar kicin ɗin da ke ciyar da 'yan Umara. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta rage wa Musulmi lokacin aiki zuwa awa shida a watan azumi, amma duk wanda ya taɓa aikin abinci ko na otal a kusa da Harami ya san yadda goman ƙarshe take kasancewa. Ko da azumin bai shigo ba, kalma 12,000 kika ɗora wa kanki a mako. Idan feji yana cin awa biyu, awa goma sha biyu ke nan, yini ɗaya da rabi na aiki a kan wanda kike yi. Mako uku ko huɗun da kika riƙe a farko, da ɗokin sabon labari da kuma barcinki kika biya su. Ɗoki yana ƙarewa, barci kuwa ba ya yafe bashi.

Abin da nake so ki riƙe shi ne: alƙawarin da za ki yi wa mutane, ki auna shi da makonki mafi wuya, ba da ranarki mafi daɗi ba. Ke da ke aikin girki kin fi ni sanin wannan. Shugabar kicin ba ta karɓar kwangilar ciyar da alhazai dubu don wata rana an taɓa yin sa'a tukwane suka nuna da wuri. Tana duba murhu nawa ne, hannu nawa ne, buhu nawa ne a sito, ta kuma bar wurin ranar da mutum biyu za su kwanta ciwo. A rubutu ne kawai kika karɓi kwangila ba ki leƙa sito ba.

To ki leƙa. Mako biyu masu zuwa kada ki saki komai, kada ki yi wa kowa alƙawarin rana. Duk zaman da kika yi na rubutu, ki rubuta minti nawa ya ci, kalma nawa ya haifar. Manhajojin rubutu na Google Docs da WPS duka suna ƙirga kalma, ba sai kin yi kirdado ba. Kada ki matsa wa kanki don adadin ya yi kyau, gaskiyar ake nema. Ni zan yi miki misali da adadin da na zaɓa, ke sai ki sa naki a wurinsa. A ce kina samun minti arba'in sau huɗu a mako, kowane zama kalma 400 zuwa 500, ranar hutunki kuma ki sami awa biyu, kalma 1,200. Kin tashi da wajen 3,000 a mako mai lafiya. To abin da za ki yi wa masu karatu alƙawari 2,000 ne, feji ɗaya. Ragowar dubun ajiya ce, ba ta sanarwa ba.

Na san kina karanta wannan kina yatsina fuska. Feji ɗaya a mako, ke da kika saba ji ana cewa marubuciya mai ƙoƙari kullum sai ta yi fostin. Bari mu duba shekarar kafin ki raina shi.

Shekararki ba irin ta marubuciyar Kano ba ce, kuma ba kalandar Janairu za ki riƙa dubawa ba. Ta Hijira za ki duba, ita ce ke juya garin da kike ci a cikinsa. Cire Ramadan. Cire Zulƙida, lokacin da jiragen alhazai ke sauka. Cire Zulhajji kacokan, don kin san jigilar komawa gida takan ja har ƙarshen wata, wani lokaci ta taɓa Muharram, kuma har mutum na ƙarshe ya tashi sai an dafa masa. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50, wanda ya wuni a gaban wuta a irin wannan yanayi ba a tambayarsa feji da dare. Cire rabin Sha'aban na shirin azumi da rabin Shawwal na farfaɗowa. Saura wata takwas, wajen mako 34. Yanzu Umara kusan ba ta yankewa, watan Maulidi ma yana da nasa cunkoson, ga mura, ga ciwon wata, ga ranar da za a kira daga Zariya a ce yaro ba lafiya hankalinki ya rabu biyu. Ba wa waɗannan mako huɗu. Mako 30 suka rage. Mako 30 sau kalma 3,000, kalma 90,000. Wannan littafi ne cikakke, mai kauri, duk shekara, daga hannun mace mai aikin yini. A wancan tsarin na kullum-kullum kuwa, daga Sha'aban zuwa yau wata biyar ke nan da 'yan kai, kalma 46,000 kika samu, da zagi, da littafin da ba shi da ƙarshe. Kuma ki lura, watannin nan suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara a kalandar Turawa, don haka duk Muharram sai ki sake zama ki zana.

Yanzu sai batun mutanen da suka biya, wanda shi ne ya fi komai nauyi a wasiƙarki. Zagi ba shi da daɗi, wadda ta ce miki 'yar damfara ta yi miki ƙazafi, tunda ba ki shirya cin kuɗin kowa ba. Sai dai suna bin ki bashi, wannan gaskiya ne. Akwai hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim: Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar mutane suna biyan kuɗin 'ya'yan itace tun kafin su zo, na shekara ɗaya, na shekara biyu, sai ya ce duk wanda zai biya kafin kaya, to ya kasance da sanannen mudu, da sanannen awo, zuwa sanannen lokaci. Hukuncin sayar da littafin da ba a gama ba na malamai ne, kuma kina garin da ba a rasa wanda za a tambaya. Ni ladabin nake nuna miki: wanda ya ba da kuɗi kafin kaya yana da haƙƙin ya san nawa zai samu, da yaushe. Haƙurin da kike bayarwa har ƙarfe ɗaya na dare ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin biyun nan, shi ya sa ba ya kwantar wa kowa da hankali. Kullum "in sha Allahu gobe", goben kuma ta zo ta wuce.

Saƙo ɗaya za ki rubuta, bayan kin gama awon mako biyun nan. Kamar haka: "'Yan'uwa, na yi muku alƙawarin da ya fi ƙarfin lokacina, ina neman afuwa. Daga Asabar ta farko a watan Safar, feji ɗaya zai riƙa zuwa duk Asabar da ƙarfe takwas na dare agogon Najeriya, littafi zai ƙare a ƙarshen Jimada Ula in Allah Ya yarda. Wadda ba za ta iya jira ba ta yi wa wance magana, a mayar mata da kuɗinta." Shi ke nan. Ba dogon bayanin wahalar Saudiyya, ba hoton hannunki da ya ƙone. Maganar mayar da kuɗi kuma da gaske za ki yi ta, ki ware abin da za ki iya tun kafin ki furta. Ina kyautata zaton kaɗan ne za su karɓa, domin mai karatun da ya kai feji na 23 ƙarshen labari yake so, ba ɗari biyar ba. Amma ko da rabinsu suka karɓa, kin sayi barcinki da araha.

Kin ga na ce ƙarshen Jimada Ula. Daga farkon Safar zuwa nan mako 17 ne, feji 17. Ashirin da uku da sha bakwai, arba'in. Eh, na yanke miki feji ashirin, kuma ba ki ba ni izini ba.

Ban karanta littafinki ba, amma na karanta 'yan'uwansa da yawa, kuma na san inda feji 60 ke tafiya. Biki ɗaya yana cin feji huɗu: kamu, sa lalle, dina, kai amarya, buɗar kai, da bayanin leshin kowace ƙawa da motar kowane aboki. Jaruma tana shiga kicin, sai an karanta mana duk abin da ta yanka. Ana gaisuwa tsakanin Hajiya da surukarta, sai an kai ga "ya su Abba, ya mai jiki, ya gajiyar jiya" har rabin feji. Sannan ga masu sharhi: "Anti don Allah a ƙara wa kishiyar nan wahala", "Anti kar ki haɗa su yanzu". Sai marubuciya ta ƙirƙiro hatsarin mota, ko mantuwar ƙwaƙwalwa, ko wani ɗan'uwa da ya dawo daga Landan, don kawai gobe a sami abin saki. Fostin ɗin kullum shi ke haifar da wannan, domin wadda ba ta da lokacin tunani dole ta cika fili da abin da ba ya buƙatar tunani. Ina zargin a nan ne labarin ya fita ranki. Ba ki gaji da shi ba, ɓatan hanya kika yi a cikinsa, kuma ba wanda ke ɗokin komawa inda ya ɓata.

Maganinsa takarda ɗaya ce da biro. Ranar hutunki ki karanta feji 23 ɗin nan daga farko a zama ɗaya ko biyu, kamar wata ce ta rubuta. Sannan ki rubuta ƙarshen labarin a layi uku: wa ya samu, wa ya rasa, me ya canza. Daga nan ki jero lamba 24 zuwa 40, kowace lamba layi ɗaya, abin da zai faru wanda in an cire shi labarin zai rushe. Duk abin da ba ki samar masa layi ba, ba ya cikin littafin. Duk zaren da kika saki a baya, ko ki ɗaure shi a cikin layukan nan, ko ki kashe shi da jimla biyu. Amfanin wannan takarda ga mai minti arba'in ba kaɗan ba ne: kina zama kin san abin da za ki rubuta, ba za ki ƙone minti ashirin kina kallon waya kina tunanin ina aka kwana ba. In kin duba kin ga lallai labarin ba zai ƙare a 40 ba sai 44, to ki sa 44, ki matsar da ranar ƙarewa zuwa Jimada Sani. Kina da sarari har Rajab. Abin da ba ki da shi shi ne izinin sake shiga Sha'aban da bashi. Kuma ki faɗa wa masu karatu adadin a cikin saƙon nan, kada su ji an rage musu mudu a ɓoye. Wadda ta ce ita 60 ta biya, ƙofar mayar da kuɗi a buɗe take.

Sauran kwanakin Muharram na tara ajiya ne. Kada ki saki feji na 24 sai kina da na 25 da na 26 a hannu, gyararru. Makon da ya zo da matsala sai ki ciro daga ajiya, ba wanda zai sani. Makon da kika rasa kuma ya wuce ke nan, kada ki ce za ki rama da ninki a mako mai zuwa, ramuwar nan ita ke karya mutane. Ki koma kan adadinki kawai. Duk ganin sabon wata ki duba takardar awonki, in ajiya tana raguwa wata biyu a jere, to adadin ya yi yawa, ki rage tsawon feji zuwa kalma 1,500 ki sanar.

Dare kuma ki karɓe shi daga hannun zaure. Makka tana gaban Najeriya da awa biyu. Lokacin da 'yan Kano da Kaduna suka yi sallar isha'i, suka ci tuwo, suka kwantar da yara, suka ɗauki waya da ƙarfe tara ko goma, ke nan sha ɗaya ko sha biyu ta yi. Hirarsu ta yi daɗi, ke kuma motarki na zuwa bayan asuba. Tunda kuɗin a asusun Najeriya aka zuba, akwai wadda kika amince da ita a can. Ki naɗa ta mai kula da zaure, a rufe shi ta yadda masu kula kaɗai ke iya turawa, a riƙa buɗewa ranar Asabar da Lahadi don sharhi. Ki tura mata fejin tun da rana, ita ta saki da takwas, ke kina barci ko kina shirinsa. Sharhin ki karanta shi sau ɗaya, da rana, minti goma sha biyar. Awa biyun da kike kashewa kina lallashi kowane dare, da rubutu kika yi da su da tuni an wuce wurin, da barci kika yi da su da kin fi haka lafiya.

Ina minti arba'in ɗin zai fito? Ke kika san yininki, amma ga inda nake zato. Bayan kin dawo, kin yi wanka, kin ci abinci, kin ɗan miƙe, kafin a kunna hira a ɗaki. Ki gaya wa abokan zamanki, da fara'a, cewa daga kaza zuwa kaza ba ki nan ko da suna ganinki. Ki kashe data. A cikin motar aiki kuma ba sai kin yi taifin ba, ki duba layin gobe a takardarki ki riƙa juya shi, in wata magana mai daɗi ta zo bakin jaruma ki ɗauke ta da murya a waya. Lokacin aiki na masu aiki ne, albashi ake biyanki a kansa, kuma waya a hannu kusa da tafasasshen mai ba dabara ba ce. Ranar hutu kada rubutu ya cinye ta duka. Awa biyu ya isa. Akwai wanki, akwai kiran yara su ga fuskarki ba a gurguje ba, akwai Harami da mutane ke tara kuɗin shekaru don su gani sau ɗaya, ke kuwa daga Misfala da ƙafa ma kya je.

Wani abu ƙarami da ke sa manya kuka: kada ki riƙa rubutu kai-tsaye a WhatsApp. Ki rubuta a manhajar rubutu, duk fejin da ya kammala ki aika wa kanki ta imel. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata a cunkoso. Ki kuma sa allon rubutu na Hausa a Gboard don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai tun yanzu, ranar da za a kai littafin ɗab'i za ki gode wa kanki.

Littattafai biyun da kika fara, ki ajiye su. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Sabon labari kullum ya fi tsoho kyau, saboda bai kai feji na 23 ba tukuna. Ki buɗe musu shafi, duk abin da ya zo miki game da su ki rubuta a layi biyu ki rufe. Wanda ya rayu a ranki har Rajab, shi ne na gaba.

Ƙawarki ta Kano kuma, Allah Ya ƙara mata basira. Wataƙila ta gama littafin tun kafin ta fara saki, wataƙila rubutun ne kaɗai aikinta, wataƙila fejinta rabin naki ne. Ko ma wanne ne, ba ita ke tashi da asuba ta hau motar kamfani ba. In misali kike nema, duba na gaba da mu. Littattafan da suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933, wadda Rupert East ya shirya daga Zariyarku, ma'aikata ne suka rubuta su, kuma ƙanana ne. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, ɗan littafin da ake karancewa a yini guda. Da aka so babban aiki daga gare shi, sai da aka ɗauke shi daga aji aka kai shi Zariya wata shida a 1936, sannan Magana Jari Ce ta samu. Wato shi ma, yana aiki ɗan madaidaici ya yi, mai yawan sai da aka sauke masa alli. Ke ba wanda ya sauke miki ludayi.

Wannan ya kawo mu ga barin aiki. Mutum 300 sau 500, naira 150,000. Ki canza ta zuwa riyal da farashin yau, ki raba ta da watannin da littafin zai ci daga Sha'aban zuwa Jimada Ula, wata goma, ki ajiye kusa da albashinki na wata ɗaya. Amsar tana wurin. Zamanki a ƙasar nan a kan aikin yake, iƙamarki, wato takardar izinin zamanki, a kansa take, makarantar yara a kansa take. Akwai marubutan da rubutu ke riƙe da su, amma bayan littattafai da yawa da suka kammala ne, da masu karatun da suka gwada su suka ga ba sa tsayawa a hanya. Wannan sunan shi za ki gina yanzu, kuma albashi ne zai ba ki damar gina shi ba tare da yunwa ta sa ki jan labari don a sake biya ba. In kina da wasu dalilan komawa gida, kewar yara ko yanayin aikin, wannan magana ce daban, mai nauyinta, ki rubuto mu yi ta ita kaɗai. Kada dai ki jingina ta da littafin da bai ƙare ba.

Hikayata kuwa ta dace da ke fiye da yadda kike zato. BBC Hausa ta fara gasar a 2016 don mata, kuma gajeren labari ake nema, kalma 1,000 zuwa 1,500, bai kai fejinki ɗaya ba. Mako ɗaya na rubutawa, biyu na gyara. Ki sa shi a Rajab, bayan kin sauke bashi, ki ajiye shi ya huce har a buɗe gasar, sannan ki karanta ƙa'idojin wannan shekarar da kyau kafin ki aika. Burinki ya tsaya a "na rubuta, na gyara, na aika kafin a rufe". Cin gasa yana hannun alƙalai da rabo, ba a sa shi a jadawali, kamar yadda ba a sa yawan masu karatu ko yabon da za su yi.

Tunda gajere ne, ga shawarar da ba ki nema ba. In littafinki irin wanda na saba gani ne, akwai attajirin saurayi a Abuja da gida mai hawa uku. A wannan karon ki rubuta Misfala. Ki rubuta titin Mansur da daddare, da tsohuwar da aka haifa a Makka tana Hausa da Larabci a jimla ɗaya, wadda kakanta ya taso da ƙafa ya ratsa Sudan ya haye Bahar Maliya, da yarinyar da ta zo jiya tana kuka a banɗaki don kada a ji. Hausawa sun daɗe a hanyar nan. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, har garin Mai Wurno ya kafu a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, amma ƙagaggun labaranmu ba su cika leƙa wannan rayuwa daga ciki ba. Ke kina cikinta. Abin da ido ya gani kuma ya fi saurin rubutuwa a kan wanda sai an ƙago, ga mai ƙarancin lokaci wannan riba ce. Ki dai sauya sunaye da kamanni yadda ba abokiyar aiki ko mai gidan da zai gane kansa.

Bugawa a takarda ki bar ta sai littafi ya kammala, kin bar shi ya kwana wata ɗaya ko biyu, kin sake bi kin tsefe. Maɗaba'a ba ta karɓar feji 23 da alƙawari. Littafi na gaba kuma, in na kuɗi ne, kada ki karɓi ko sisi sai kashi biyu cikin uku yana hannunki a rubuce, kuma ki buɗe zaurensa bayan alhazai sun watse, a Muharram ko Safar, yadda fejin ƙarshe zai fita kafin a ga watan Sha'aban.